Mafici da Raga: Nazari a Kan Bargon Kwarashi Mai Launi Biyu

Duk gidan sunan da na shiga a 'yan shekarun nan, musamman wanda ya faɗo tsakanin Nuwamba da Fabrairu, sai na tarar an naɗo jariri cikin bargon saƙa. Mata su yi ta karɓarsa hannu-hannu, wannan ta tofa masa addu'a, waccan ta ce hancin ubansa ya ɗebo, a yi ta Allah ya raya. A cikin taron ba a rasa mace ɗaya da za ta kama gefen bargon ta juya shi, ta bi bakinsa da ɗan yatsa tun daga sama har ƙasa, ta ɗaga shi sashen haske, sannan ta mayar ba ta ce uffan ba. Wannan matar mai saƙa ce. Sauran mata launi suka gani, ita kuwa lissafi take dubawa, domin bargon kwarashi lissafi ne aka lulluɓe da ado, kuma rashin sanin haka ne ya sa muke yaba shi da baki mu raina shi da aljihu.

Salon da na zaɓa in yi magana a kansa shi ne wanda ake jera layin mafici, a bi shi da layin raga, da zare launi biyu. Turawa suna kamanta ɓangaren farko da ƙwanson dabbobin teku saboda yadda yake buɗewa kamar rabin da'ira. Gwaggona, wadda ta fara ɗora mini kwarashi a hannu a Tudun Wadan Zariya, ba ta taɓa ganin teku ba, don haka mafici take ce masa, kuma duk wanda ya dubi siffar ya san ta yi gaskiya. Sunan da zan yi amfani da shi ke nan. Raga kuwa sunanta ya bayyana ta: ramuka ne 'yan murabba'i a jere, kamar ragar kamun kifi ko ta tagar ɗaki.

Kwarashi baƙo ne a ƙasar Hausa, sunansa ma ya tona asalinsa. Daga kalmar Faransanci ya samo tushe, wadda ke nufin ɗan ƙaramin ƙugiya. A Turai ma ba tsohuwar sana'a ba ce kamar saƙar kibiya. A farkon shekarun 1820 ne wata mujallar mata ta ƙasar Holan mai suna Penélopé ta fara buga bayanin yadda ake yinsa. Abin da ya ɗaga shi kuwa yunwa ce. Da cutar dankali ta faɗa wa Ayalan a 1845, aka shiga koya wa mata da yara saƙar leshi da kwarashi don su sayar su sami na abinci, leshin nan ya yi suna har Ingila da Amurka. Ke nan tun da daɗewa sana'ar mai neman rufin asiri ce, wadda jarinta bai wuce ƙarfe ɗaya da dunƙulen zare ba.

Da ya iso mana ta makarantun 'yan mata da azuzuwan koyon girki da ɗinki, bai tarar da mu tsirara ba. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851, cikin abubuwan da suka ja hankalinsa akwai yawan tufar da ake saƙawa a rina a kai ta nesa. Muna da gwado, muna da luru, muna da saƙi. Maza na saƙa ƙyalle siriri a masaƙarsu, mata na da tasu ta tsaye a cikin gida. Amma masaƙa tana son fili da kafi da zama wuri ɗaya, kwarashi kuwa a jaka ake jefa shi. Mace za ta yi layi biyu tana jiran tuwo ya sulala, ta yi uku a layin asibiti, ta ƙarasa da dare bayan yara sun yi barci. Wannan sauƙin ne ya buɗe masa ƙofar gidajen kulle, daga baya kuma cibiyoyin koyar da mata sana'a, irin waɗanda suka yawaita bayan Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirinta na kyautata rayuwar matan karkara a 1987, suka ƙara yaɗa shi.

Bargon mafici da raga gaba ɗayansa da motsin hannu uku ake gina shi. Akwai sarƙa, wato a jawo zare ta cikin zargen da ke kan kwarashi. Akwai gajere: a zura kwarashi cikin ido, a jawo zare, zarge ya zama biyu, a ratsa su lokaci guda. Sai dogo: a naɗa zare tukuna kafin a zura, zarge ya zama uku, a ratsa biyu, a sake ratsa biyu. Dogo ya ninka gajere a tsayi, ko ma ya ɗan ɗara. Yarinya 'yar shekara tara tana iya koyon ukun nan a yini guda. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne sanin inda kowanne zai zauna da dalilin zamansa a wurin.

Ga yadda mafici yake. A yi gajere a ido na farko, a tsallake ido biyu, a zuba dogo biyar a cikin ido ɗaya, a tsallake biyu, a kafe shi da gajere. Dogayen nan biyar ƙafarsu ɗaya, kawunansu biyar, dole su baje kamar yatsun hannu, gajerun da ke gefe da gefe kuma su danne bakinsu ƙasa, sai siffar ta fito. Yanzu a ƙirga. Kowane mafici ya ci ido shida daga layin ƙasa: biyu da aka tsallake, ɗaya da aka zuba a ciki, biyu da aka sake tsallakewa, da ɗaya na gajere. Ya kuma mayar da shida ga layin sama: dogo biyar da gajere ɗaya. Abin da ya ci shi ya biya, ba ragi ba ƙari. Saboda haka ne bargon ke kwanciya shamɓal a kan gado. Saboda haka ne kuma ake cewa sarƙar farko ta zama mai rabuwa gida shida-shida, a ƙara ido ɗaya na rufe layi. Mai son mafici 20 a faɗin bargonta, ido 121 za ta kafa. Da zare matsakaici da kwarashi mai kaurin milimita 5, wannan yakan ba da faɗin da ya kusa santimita 90, daidai na jariri.

Idan mai saƙa ta ga biyar sun yi mata kaɗan ta zuba bakwai ko tara a kan ido shidan nan, sai bargon ya fara tattarewa yana lanƙwasa kamar ganyen latas. Idan ta rage zuwa uku, sai ya tsuke ya ƙanƙance. Mata da yawa sun san haka da hannu ba tare da sun san dalili ba. Wata malamar lissafi 'yar ƙasar Latbiya, Daina Taimina, da ke koyarwa a Jami'ar Cornell ta Amurka, a 1997 ta ɗauki wannan tattarewar da masu saƙa ke gudu ta mayar da ita kayan koyarwa. Ta riƙa ƙara ido da gangan bisa ƙa'ida, layi bayan layi, har ta fitar da wata siffa ta lissafin sarari wadda malamai suka daɗe suna fama da yadda za su nuna wa ɗalibai ita a zahiri. Ina kawo wannan ne don a san cewa abin da Gwaggo ke yi a kan tabarma da wanda ake yi a allon jami'a dangin juna ne.

Layin da ya fi burge ni a duk salon nan shi ne wanda ba a cika lura da shi ba, wato na bayan mafici. Mafici ya bar saman aikin da tudu da kwari, raga kuwa ba ta zama sai a kan miƙaƙƙen layi. To yaya za a yi? Sai a sa dogo a cikin kwari, a yi sarƙa biyu, a sa gajere a kan tsakiyar tudu, a yi sarƙa biyu, a sake sa dogo a kwari na gaba. Dogo ya cike gurbin da ya yi ƙasa, gajere ya zauna inda ya riga ya yi sama, kawunansu suka zo daidai. A ƙirga kuma: ɗaya da biyu da ɗaya da biyu, shida ne. Wanda ya fara gano wannan dabarar ba a san sunansa ba, amma ya cancanci addu'a. Mafi yawan bargunan da nake gani sun karkace, a wannan layin ne aka yi musu rauni, ko dai an sa gajeren a dogo na biyu maimakon na uku, ko an tsuke sarƙar har ta ja maficin ya durƙusa.

Raga ita ce hutun mai saƙa: dogo, sarƙa ɗaya, tsallake ɗaya, har ƙarshen layi. A kan ido 121 za a sami dogo 61 da rami 60. Da aka zo ɗora sabon layin mafici a kanta, sai ka ga ramukan sun rabu uku-uku, a bar na farko, a zuba mafici a na tsakiya, a bar na uku. Rami 60 a raba uku, mafici 20 ya dawo cif. Wato kowane mafici a cikin rami yake tsirowa. Wadda ta fahimci haka ba ta ƙara buƙatar takarda ko bidiyo, domin aikin da kansa yake gaya mata inda za ta zura kwarashi. Wadda kuwa haddacewa ta yi, da zarar yaro ya yi kuka ta ajiye ta dawo, sai ta rasa inda take.

Akwai masu ganin raga ha'inci ce, wai dabarar rage cin zare ce don a ƙara riba. Gaskiya ne tana rage zare, amma wanda ya taɓa ɗaukar bargon da aka yi da mafici zalla ya san nauyinsa, ya san taurinsa, ya san yadda yake ƙin naɗuwa a jikin yaro. Mafici ke ba bargo jiki da ɗumi, raga ke ba shi laushi da hanyar iska. A ƙasa irin tamu, inda hunturun asuba ke sa haƙora karkarwa amma kafin azahar an fara neman inuwa, bargon da ke riƙe ɗumi ya kuma bar jiki ya sha iska ya fi dacewa da mu a kan mai kauri ƙirar ƙasashen ƙanƙara. A ganina, cikin duk salon da muka aro, wannan na cikin 'yan kaɗan da suka zo kamar don yanayinmu aka ƙirƙire su.

Sai maganar launi, wadda a nan ne ake rabuwa tsakanin gwana da 'yar koyo. Launi ɗaya yana barin kaza cikin gashinta: ido ya ɓace a tsakiya, an ƙara wani a gefe, ba mai ganewa sai an ƙura ido. Launi biyu ba ya rufa wa kowa asiri. Da mafici ɗaya ya gusa da ido guda, za a hango shi daga bakin ƙofa. Na tuna ranar da na kai wa Gwaggo wani da na yi nisa a cikinsa, fari da shuɗi. Ta shimfiɗa shi a cinya, ta ɗora yatsa a wani wuri can ƙasa, ta ce, "'Yar nan, ƙirga mini wannan." Na ƙirga, dogo huɗu ne. Na ce, "Gwaggo, ai ba wanda zai gani." Ta ce, "Ni ba na gani ba? Warware." Layi goma sha ɗaya na warware a ranar. Da na duba da kyau, sai na ga tun daga maficin nan mai huɗu duk na samansa sun ɗan jirkice, domin ba shi da dogo na tsakiya da gajeren layi na gaba zai zauna a kai. Shi ya sa adadin dogo a cikin mafici yake zama mara, biyar ko bakwai, don a sami na tsakiya.

Canjin launi yana da ƙa'idarsa. Ba a gama ido na ƙarshe da tsohon zare sannan a ɗaura sabo. Ana tsayawa ne saura ratsawa ɗaya, zarge biyu na kan kwarashi, sai a jawo sabon launi a rufe da shi. Ta haka sarƙar juyawa za ta tashi da launin sabon layi, ba za a ga ɗigon tsohon ya hau inda ba nasa ba. Ƙulli kuwa, wanda da yawa ke yi don sauri, abin ƙi ne: yana tokarar jikin jariri, kuma wanki uku ko huɗu ya ishe shi kwancewa.

Daga nan sai mai saƙa ta yanke shawara. Idan ta ba kowane launi layi biyu-biyu, wato mafici da layin daidaitawar da ke bayansa su ɗauki ɗaya, layin raga biyu su ɗauki ɗayan, zaren zai riƙa tafiya yana dawowa gefe ɗaya, sai ta riƙa ɗaga wanda ke jira ta bakin bargon ba tare da ta yanke ba, a ƙarshe ta rufe shi da saƙar baki. Wannan hanyar tana da tsabta da sauƙi, sai dai layin daidaitawa zai zama launi ɗaya da mafici, tudunsa ya ɗan dusashe. Idan kuwa tana son mafici ya fito ƙarara, kamar farin wata a baƙin dare, to layi ɗaya tak za ta ba shi, sauran ukun, wato na daidaitawa da na raga biyu, su zama na ɗaya launin. A nan zaren ba ya dawowa inda ake bukatarsa. Ko dai ta riƙa yankewa, ta tara jelar zare da za ta bi da allura tana ɓoyewa ɗaya bayan ɗaya, ko kuma ta yi dabarar gwanaye: idan ta gama layin mafici kada ta juya aikin, ta koma ɗaya gefen ta ɗauko zaren da ke jiranta a can. Abin da matar gidan suna ke lalube a bakin bargo ke nan. Tana son ta ga ko an ja zaren da aka ɗaga har gefen ya takure, ko an sake shi ya yi lilo yadda yatsan yaro zai maƙale, ko an yi ƙulli, ko jelar zare ta fara leƙowa.

Zaɓen launin kansa yana da abin cewa. Kasuwa ta koya mana ruwan hoda na mace, shuɗi na namiji, har wasu na ɗauka wata tsohuwar ƙa'ida ce. Al'adar 'yan kasuwar Amurka ce da ba ta zauna da gindinta ba sai wajen shekarun 1940, kafin nan ma akwai masu cewa ruwan hoda ya fi dacewa da namiji. Mu kuwa mun daɗe da sanin daɗin launi biyu. Saƙi baƙin baba ne da fari a cakuɗe kamar zanen zabuwa. Luru fari ne da ratsin shuɗi. Idon da ya saba da waɗannan ya san cewa launi biyu suna haskaka juna ne idan ɗaya ya yi duhu ɗaya ya yi haske. Ruwan hoda mai haske da ruwan ƙwai mai haske, komai kyansu a dunƙule, idan an saƙa su sai su narke cikin juna, wahalar canjin launi ta tafi a banza. Ina sha'awar ranar da zan ga bargon suna da shuɗin marina da farin auduga, ko ruwan ƙasa da ruwan madara, ko jan kanwa da fari. Ga kuma wata 'yar shawara da kowace mai saƙa ta koya da ciwo: a sayi zaren da zai isa tun farko. Launi ɗaya daga rini daban-daban yakan bambanta, lambar rinin tana jikin takardar da aka naɗe zaren da ita, kuma bambancin ba ya nunawa a shago sai an shimfiɗa bargo a rana.

Zaren da muke kira ulu, mafi yawansa bai taɓa jikin tunkiya ba. Akirilik ne, ɗan gidan man fetur, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya samar a 1941, ya shigo kasuwa da sunan Orlon wajen 1950. Yana da araha, ba ya zuba, yana jure wanki, asu ba ya cinsa. Amma yana da hali ɗaya da ya kamata kowace uwa ta sani: idan ya ji wuta narkewa yake yi ya manne a fata. Mu kuwa a lokacin hunturu ɗakin mai jego ba ya rabuwa da kaskon garwashi. Bargon akirilik da kasko kada su kusanci juna, ko da na shanyawa ne don ya yi ɗumi. Dutsen guga ma abokin gabarsa ne, sau ɗaya aka ɗora masa, mafici ya kwanta ke nan har abada. Wanki kuma a matse a hankali a shimfiɗa a inuwa, domin idan aka rataya shi a igiya da ruwa a jikinsa, nauyin zai ja raga ta miƙe, murabba'i ya koma dogon rami. Zaren auduga ya fi shan gumi da sanyi a fata, ya kuma fi fito da siffar mafici, sai dai ya fi nauyi da tsada. Abin takaici ne a ce ƙasar da ke da garuruwan auduga irin su Funtuwa da Gusau, wadda ta kafa masaƙar Kaduna tun 1957, yau mai neman zaren auduga mai kyau na kwarashi sai ta sha yawo.

Game da jariri, raga mai sarƙa ɗaya ta fi mai sarƙa biyu aminci, saboda ƙananan yatsu ba sa shigewa su sarƙe. Likitocin yara a Amurka, ta bakin ƙungiyarsu, suna gargaɗin kada a bar sakakken bargo a makwancin jaririn da bai shekara ba, don gudun ya rufe masa fuska. Wasu na cewa ai mai ramuka ne, iska na shiga. Ban yarda a dogara da wannan ba. Bargon nan na ɗauka ne da zuwa unguwa da rufa goyo, lokacin da idon babba ke kan yaro.

Wata matsalar da ke damun masu koyo a yau ita ce harshe. Yawancinsu daga YouTube da Facebook da TikTok suke ɗauko salo, kuma ba kowa ya san cewa Amurkawa da Turawan Ingila sunaye ɗaya suke amfani da su a kan abubuwa daban ba. Kalmar da Ba'amurke ke nufin dogo da ita, a wurin Bature ɗan Ingila gajere take nufi. Yarinya za ta bi bayani tiryan-tiryan, aikin ya fito rabin tsayin da ake so, ta ɗauka hannunta ne bai iya ba. Ko masu koyarwa da Hausa, za ka ji jimlar Hausa ce amma duk sunan ido na Turanci ne. Ban ga laifin aro ba, kwarashi kansa ai aro ne. Amma sana'ar da ta yi shekaru da dama a ɗakunanmu ta isa a ce tana da sunayenta da za a rubuta a takarda, mace a Maraɗi ta karanta ta gane abin da mace a Bauci ta rubuta. Masaƙan gargajiya sun bar mana ƙoshiya da allera, masu kaɗi sun bar mana mazari da abawa. Kowace unguwa tana da sunayen da tsofaffin masu kwarashi suka laƙaba wa salo-salo, suna nan suna bin masu su kabari saboda ba wanda ya tattara.

Yanzu mu koma ga kuɗi, inda abin ya fi yi mini zafi. Saƙar kibiya tana da inji tun 1589, lokacin da wani Baturen Ingila, William Lee, ya ƙera na saƙa safa. Shi ya sa rigunan sanyi na kanti suke da araha. Kwarashi kuwa har yau ba a sami injin da ke yinsa a masana'anta yadda hannu ke yi ba, domin kowane ido sai an gama shi kafin a shiga na gaba, kuma kwarashin yana shiga ta inda mai saƙa ta ga dama. Duk bargon mafici na gaske da ka gani, a Kantin Kwari ne ko a kantin Landan, wani ɗan Adam ne ya zauna ya yi shi ido bayan ido.

Mu lissafa wanda muka kafa da ido 121. Kafin ya kai tsawon mita ɗaya da 'yan kai, zai ci layi kamar 80. Ido 9,680 ke nan. Mu ɗauka hannun mai saƙar yana da sauri, tana yin ido 20 a minti ɗaya ba tsayawa, awa takwas ta tafi. A ƙara saƙar baki, da ɓoye jelar zare, da warwarar kuskure, da zuwa kasuwa, ba zai gaza awa 12 ba. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin Nijeriya ta sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata. Idan aka raba shi a kan kwana 22 na aiki, awa takwas-takwas, kowace awa ta tashi kusan naira 400. Ladan hannu kaɗai, a ma'aunin ma'aikaci mafi ƙanƙanta, ya doshi naira 4,800, ba a sa kuɗin zare ba, ba a sa gwanintar da aka shekara ana tarawa ba, ba a sa ciwon wuya da na ido ba. Amma sau nawa muka ji mai saye ta ce, "Haba Maman Ummi, zaren nawa ne duka-duka? Ai a zaune kike yi." Sai mai saƙa ta ji kunya, ta karɓi kuɗin zare da ɗan abin sayen sabulu, ta ce Allah ya sa albarka. Ita kanta ba ta taɓa ƙirga awanninta ba, saboda tsakanin girki da raino ta tsinto su, sai take ganin kamar ba su da farashi.

Wannan rainin yana komawa kan aikin. Wadda ta san ba za a biya ta ba, za ta ɗauki babban kwarashi don ta gama da wuri, ta faɗaɗa raga, ta rage mafici, ta yi ƙulli a maimakon ɓoye zare, ta bar dogo huɗu inda ya kamata a warware. Mai saye ta kai gida, wanki biyu ya saki, ta ce kayan hannu ba su da ƙarko, gobe ta sayi na kanti. Araha ba ta ado, kuma a nan mu da kanmu muke kashe adon.

Kirana ga masu saƙa shi ne su fara ajiye ɗan littafi: ido nawa aka kafa, layi nawa aka yi, dunƙule nawa ya ci, awa nawa aka zauna, da sunan salon kamar yadda aka koya musu shi da Hausa. Da wannan littafin za su yanke farashi ba tare da jin nauyi ba, da shi kuma za su koya wa na baya. Ke kuma mai saye, kafin ki taya, ki juya bakin bargon ki duba, ki ƙirga mafici ɗaya ki ga ko biyar ne, ki ɗaga shi sashen haske ki ga ko ramukan sun jeru. Idan kin same shi daidai, ki biya matar nan haƙƙinta cikakke.